Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Yadda Ya Kamata a Tafiyar da Binciken Lafiyar Soja

Gabatarwa

A bariki aka haife ni, a bariki kuma na yi wayo. Mahaifina soja ne, ya yi shekara 32 cikin kaki kafin ya ajiye aiki da igiya uku a hannu. Kafin a haife ni an taɓa tura bataliyarsu aikin wanzar da zaman lafiya a wata ƙasa ta Afirka ta Yamma, kuma duk ranar da hira ta yi daɗi a ƙofar gida sai ya ɗauko labarin. Abin da ya riƙa ba ni mamaki tun ina yaro shi ne, zancen harsashi kaɗan ne a cikin hirar tasa. Galibi zancen zazzaɓi ne da gudawa da ƙafar da ta ruɓe cikin takalmi saboda ruwan sama. Yakan ce akwai wata ƙwaya da ake raba musu a wajen fareti, wasu su haɗiye, wasu su ɓoye a ƙarƙashin harshe su tofar in saje ya juya baya, domin an baza jita-jita cewa tana kashe wa namiji gaba. Ran nan na tambaye shi ko an taɓa yi musu bayanin amfaninta. Ya yi dariya ya ce, “Kai yaro, soja ake yi wa bayani? Oda ake ba shi.”

Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na san wani daga cikin ’yan’uwana ɗalibai zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan ɗalibin Hausa da binciken likitocin soja? Ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri har ƙarshe. Ra’ayina shi ne, binciken lafiya ba ya ceton ran soja don kawai an sami ƙwararrun masana. Sai an iya tafiyar da shi, wato a san wanda ya zaɓi matsalar da za a bincika, da wanda ke ajiye lissafi, da wanda zai kai sakamakon hannun kurtu, sannan a tabbatar sojan da aka yi gwajin a jikinsa ya amince da bakinsa, cikin harshen da yake ji. Mafi yawan misalaina daga Amurka da Birtaniya da Sin suke, domin a can ne aka daɗe ana wannan aiki kuma aka rubuta tarihinsa, mai daɗi da marar daɗi.

Abokin Gaban da Ba Ya Riƙe Bindiga

A shekarar 1898 Amurka ta gwabza yaƙi da Sifen. Sojojinta da suka mutu a fagen daga ba su kai 400 ba, amma waɗanda cuta ta kashe sun haura 2,000, kuma yawancinsu zazzaɓin taifot ne ya kashe su a sansanonin horo na cikin gida, ba su ko ga abokan gaba ba. Bayan yaƙin, sojojin da aka girke a Kyuba suka haɗu da wata masifar, wato zazzaɓin shawara.

Tun 1881 wani likita ɗan Kyuba mai suna Carlos Finlay ya ce sauro ne ke yaɗa wannan cuta. Kusan shekara 20 ana yi wa maganarsa riƙon sakainar kashi. Sai a 1900 rundunar sojan Amurka ta naɗa kwamitin mutum huɗu ƙarƙashin Manjo Walter Reed, ta ba su aiki, ciki har da gano hanyar da cutar ke bi. Suka gina ɗakuna biyu. A ɗaya aka zuba tufafi da shimfiɗun waɗanda cutar ta kama, amma aka hana sauro shiga. Waɗanda suka kwana a ciki ba wanda ya kamu. Ɗayan kuwa tsaf yake, sai dai an saki sauron da ya ciji marasa lafiya, kuma a nan ne aka kamu. Ɗaya daga cikin ’yan kwamitin, Jesse Lazear, cutar ce ta yi ajalinsa a watan Satumba na shekarar. A 1901 wani likitan soja, William Gorgas, ya ɗauki sakamakon ya hau kan sauro da matattarar ruwa a birnin Habana, kafin shekara ta ƙare cutar ta kau daga birnin.

Abin lura a nan shi ne, ilimin yana nan tun 1881. Abin da aka rasa shi ne hukumar da za ta ce a gwada, ta ba da kuɗi da mutane, sannan ta yi aiki da abin da aka gano ba tare da ɓata lokaci ba. Akwai kuma wani abu da Reed ya yi wanda ya shafe mu kai tsaye. Ya sa an rubuta takardar yarjejeniya da Turanci da kuma Sifaniyanci, domin wasu daga cikin masu sa kan baƙi ne daga Sifen da ba sa jin Turanci. Takardar ta faɗa ƙarara cewa mutum na iya rasa ransa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Darasi Daga Dajin Bama

Duk wanda ya san Legas ya san barikin Myohaung a Yaba da na Arakan a Apapa, mutanen Ibadan kuma sun san barikin Letmauk. Waɗannan sunayen wurare ne a ƙasar Bama, wadda ake kira Miyanma a yau, inda kakanninmu na Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka fafata da Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Hausa ce harshen da yawancinsu ke jin juna da shi.

Janar William Slim na Birtaniya, wanda ya jagoranci yaƙin Bama, ya ba da labari cewa a 1943 duk sojan da aka kwaso daga fagen daga saboda rauni, an kwaso 120 saboda rashin lafiya, kuma zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba. A wannan shekarar ce sojojin Ostireliya suka kafa cibiyar bincike a garin Cairns ƙarƙashin Neil Hamilton Fairley. Sojoji masu sa kai suka miƙa jikinsu sauro ya cije su, aka tabbatar cewa ƙwaya ɗaya ta maganin mepacrine kowace rana tana danne zazzaɓin. To amma sojoji ba sa sha. Maganin yana mayar da fata ruwan ɗorawa, ga kuma jita-jitar cewa yana kashe gaba, irin dai wadda mahaifina ya tarar bayan shekara kusan 50.

Slim ya ɗauke nauyin daga wuyan likitoci ya ɗora wa kwamandoji. Ya sa ana kai samame ba zato a gwada dukkan sojojin bataliya, in aka tarar waɗanda ke da alamar maganin a jiki ba su kai kashi 95 cikin 100 ba, sai ya tsige kwamandan. Mutum uku kawai ya tsige, sauran suka shiga taitayinsu. Bugu da ƙari, ya sa an kafa wuraren jinyar zazzaɓi kusa da fagen daga, ta yadda soja zai warke ya koma bakin aiki cikin makonni, maimakon watannin da ake ɓatawa in an kai shi asibitocin Indiya. Zuwa 1945 rashin lafiya ya ragu ƙwarai a rundunar.

Na yaba wa Slim a kan abu ɗaya: ya gane cewa lafiyar soja aikin kwamanda ce. Amma ban ɗauka tsoro kaɗai ya isa ba. Tsoro yana sa a haɗiye ƙwaya muddin ana gadi, jita-jitar kuwa tana nan a ƙasa tana jiran ranar da mai gadi zai juya baya.

Tambaya Ɗaya, Masana Ɗari Biyar

Lokacin yaƙin Biyetnam, zazzaɓin cizon sauro ya daina jin kulorokwin, yana ta kayar da sojojin ɓangarorin biyu. Ranar 23 ga Mayu, 1967, ƙasar Sin ta ƙaddamar da wani shiri na sirri don taimakon sojojin Biyetnam ta Arewa, aka sa masa suna Shiri na 523 saboda watan da ranar. Aka tattara masana sama da 500 daga cibiyoyi kusan 60, aka ɗora su a kan tambaya ɗaya. A 1969 aka ba wata mata mai suna Tu Youyou jagorancin wani rukuni da zai bi tsofaffin littattafan maganin gargajiya. A cikin wani rubutu na Ge Hong, wanda ya rayu a ƙarni na huɗu, ta ga an ce a jiƙa wani tsiro dangin tazargade a ruwa a matse a sha. Ta lura ba a ambaci dafawa ba, sai ta fahimci cewa zafin wuta ne ke lalata sinadarin a gwaje-gwajensu na baya. A 1971 ta tatso shi ba tare da zafi mai yawa ba, aka dace. Ita da abokan aikinta suka fara sha kafin a ba marasa lafiya. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

Wannan sinadari, artemisinin, shi ne ginshiƙin magungunan zazzaɓin da Nijeriya ta koma amfani da su tun 2005. Ke nan duk ɗalibin da ya taɓa zuwa asibitin makaranta da zazzaɓi ya ci moriyar binciken da aka shirya don sojan wata nahiya. Kuma mabuɗin nasarar karatun tsohon rubutu ne da idon basira, irin aikin da malamanmu ke koya mana a darasin nazarin rubuce-rubucen Ajami.

Lissafi Shi Ne Idon Bincike

Misali mafi kusa da zamaninmu shi ne yaƙin Amurka a Iraƙi da Afganistan. A 2004 likitocin sojan Amurka suka buɗe rajista guda wadda ake shigar da bayanin duk sojan da ya ji rauni: inda aka same shi, abin da aka yi masa, minti nawa aka ɗauka kafin a kai shi asibiti, da yadda ya ƙare. Wani nazari da aka buga a 2012 ya bi diddigin mutuwar sojoji 4,596 tsakanin 2001 da 2011. Aka tarar kashi 87 cikin 100 sun cika tun kafin a isa asibiti. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan raunin nasu irin wanda ake iya tsira daga gare shi ne, kuma tara cikin goma na wannan rukuni zubar jini ce ta kashe su.

Irin wannan lissafi ne ya juya akalar bincike. Shekara da shekaru ana koya wa sojoji cewa maɗaurin tsayar da jini abu ne na ƙarshe, don gudun kada a rasa hannu ko ƙafa. Da aka duba gawawwaki da rajista, sai aka ga tsoron ya fi maɗaurin kisa. Aka gwada samfura daban-daban a cibiyar binciken tiyata ta sojan ƙasa da ke San Antonio, aka zaɓi masu aiki, daga 2005 aka shiga raba wa kowane soja nasa tare da koya masa ɗaurawa da hannu ɗaya. A 2009 sakataren tsaro Robert Gates ya ba da umarnin a riƙa kai duk mai mummunan rauni asibiti cikin sa’a ɗaya. Nazarin da aka buga a 2016 ya nuna yawan masu mutuwa cikin waɗanda suka ji rauni a Afganistan ya sauko daga kashi 13.7 zuwa 7.6 cikin 100, ko da yake ƙarin jini da wuri ma ya taka rawa.

Akwai wata dabarar da ta burge ni. Tun farkon shekarun 1990 ma’aikatar tsaron Amurka ke da wani asusun binciken lafiya wanda idan za a tantance ayyukan da za a ba kuɗi, ana zaunar da waɗanda suka yi fama da cutar ko iyalansu a teburi ɗaya da farfesoshi, kuma suna da ƙuri’a. Hausawa sun riga sun faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mutumin da Ba Ya Cewa A’a

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Waɗannan ƙasashe da nake yabo su ne kuma suka tafka ta’asa da sunan bincike. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta gwada iska mai guba a jikin sojojinta kimanin 60,000, aka rantsar da da yawansu kada su faɗa wa kowa, maganar ba ta fito fili sosai ba sai farkon shekarun 1990. A Ingila, a 1953, wani matashin sojan sama mai shekara 20, Ronald Maddison, ya mutu a cibiyar Porton Down bayan an ɗiga masa gubar sarin a hannu. Sai a 2004, bayan shekara 51, wani zaman binciken shari’a ya yanke cewa kisansa ya saɓa wa doka.

Ko maganin da aka yi da kyakkyawar niyya yana iya zama matsala idan aka daina sa ido bayan an fara raba shi. Cibiyar binciken soja mai ɗauke da sunan Walter Reed ce ta ƙirƙiro maganin zazzaɓi na mefloquine a shekarun 1970, aka amince da shi a Amurka a 1989, kuma ya kare mutane da yawa. Amma sojoji sun daɗe suna kukan munanan mafarkai da jiri da ruɗewar tunani. Sai a 2013 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani, a 2016 kuma wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya ce kada a ba soja shi sai in babu wani zaɓi.

Ruwa ba ya tsami banza. Tushen matsalar shi ne, tun ranar da kurtu ya shiga dafo ake cire masa kalmar a’a daga baki. Wannan horo shi ke sa runduna ta zama runduna, amma shi ne kuma ke mayar da soja ganima ga mai binciken da ba shi da tsoron Allah. Idan kanar ya tsaya gaban fareti ya ce ana neman masu sa kai, wane farabiti ne zai tsaya a baya? Saboda haka ne ƙa’idar ma’aikatar tsaron Amurka ta hana shugabannin soja kasancewa a wurin da ake neman na ƙasa da su su shiga bincike, ta kuma tanadi wani mai sa ido da ba ruwansa da binciken idan gwajin yana da haɗari kuma a taro ake neman mutane. A ganina wannan ƙa’ida ta fi kowace na’ura muhimmanci.

Mu Fa a Gida?

Ba daga sifiri za mu fara ba. Muna da manyan asibitocin soja irin su na 44 a Kaduna da na 68 a Yaba. A 2005 ma’aikatar tsaron Nijeriya ta ƙulla haɗin gwiwa da cibiyar Walter Reed a kan cutar ƙanjamau, abin da ya kawo magani da horo da ɗakunan gwaje-gwaje a asibitocin soja, fararen hula masu ɗimbin yawa suka amfana. Ƙasar ta fitar da kundin ƙa’idojin binciken lafiya a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta samun amincewar mutum a rubuce kafin a yi gwaji a jikinsa, kuma ma’aikatar tsaro tana da kwamitinta na duba ɗa’ar bincike.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, shirye-shiryen lafiya da dama a Afirka suka girgiza. Ban da wannan ma, mai ba da kuɗi shi ke zaɓen tambaya, kuma ba lallai tambayarsa ta zama tamu ba. Tun 2009 sojojinmu ke yaƙi a Arewa maso Gabas, ga kuma dazuzzukan Arewa maso Yamma. Tambayoyinsu su ne zafin rana da ƙishirwa, saran maciji, raunin nakiyar da aka binne a hanya, yadda za a riƙe ran mai zubar jini sa’o’i da yawa a bayan mota inda babu jirgi mai saukar ungulu, da kuma halin da mutum ke shiga bayan ya shekara biyu ko uku yana kwana da ido ɗaya.

Wani zai ce, sojan da ke kukan alawus da kayan aiki, ina shi ina bincike? A kwafo na Amurka mana a huta. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin ba sai mun sake gano amfanin maɗaurin jini ba. To amma dokar sa’a ɗaya an gina ta ne a kan jirage masu yawa. Wanda ba shi da su dole ya nemo tasa dabarar, kuma ba zai same ta ba sai ya san inda mutanensa ke mutuwa da abin da ke kashe su. Rajista kuwa ba ta kai kuɗin motar sulke ɗaya ba.

Don haka shawarwarina huɗu ne. Na farko, a sami rajista guda ta rauni da cuta da mutuwa wadda ta haɗa sojan ƙasa da na ruwa da na sama, a ci gaba da bin mutum har bayan ya yi ritaya. Na biyu, a ware wa binciken lafiyar soja kasonsa a kasafin kuɗi, kamar yadda taron ministoci na Bamako a 2008 ya nemi ƙasashe su ware wa bincike aƙalla kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya. Na uku, a zaunar da ƙananan sojoji da ’yan mazan jiya da matan bariki a kwamitin da ke zaɓen abin da za a bincika. Na huɗu, a raba neman amincewar soja da sarƙar umarni, wanda ya ƙi shiga kada ya ga canji a ƙarin girma ko wurin aiki.

Inda Kifi Ya Haɗu da Kaska

Yanzu bari in cika alkawari. Duk abin da na lissafa a sama ta bakin mutum yake bi, kuma a nan ne aikinmu yake. Ɗauki kalmar “bincike” kanta. A wajenmu ɗalibai, neman ilimi ce. A kunnen soja kuwa, in aka ce za a yi bincike a kansa, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ya yi laifi, gadurum na jiransa. Kalmar “gwaji” tana nufin auna jini don a gano cuta, tana kuma nufin jarraba maganin da ba a tabbatar da shi ba. Mutum na iya sa hannu yana zaton na farkon ne alhali na biyun ake nufi. “Shawara” cuta ce, kuma nasiha ce. “Na yarda” a gaban hafsa ba ɗaya take da “na amince” a gaban aboki ba. Ta yaya za a bayyana wa mutum cewa ƙuri’a ce za ta raba waɗanda za a ba maganin gaske da waɗanda za a ba ƙwayar da ba komai a cikinta, ba tare da ya ji ana wasa da ransa ba?

Matsalar ta fi tsanani a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan takardar tambayoyi ta ce, “Kana da taɓin hankali?” babu sojan da zai amsa da e, ko da kuwa ya shekara bai yi barcin kirki ba. Amma in aka tambaye shi ko yana firgita cikin barci, ko ƙarar salansar babur tana sa gabansa ya faɗi, ko ya lura yana saurin hawa kan iyalinsa, zai yi magana. Mai fassarar da bai san wannan ba zai sa a rubuta rahoto cewa kowa lafiya lau, a rufe fayil, a bar mutane da ciwonsu.

Mu a Nijeriya mun ga abin da rashin fahimta ke haifarwa. A gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, iyaye sun ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ne ba, kamfanin kuma ya ce an yi musu bayani da baki cikin Hausa sun amince. Shari’ar ta kai har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin jihar, kuma zargin ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003. Idan haka ta faru da farar hula mai ikon cewa a’a, ina ga soja?

A 2017 rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya ta umarci jami’anta su koyi Hausa da Ibo da Yarbanci. Wannan ya nuna ta san darajar harshe a bakin aiki. Abin da ya rage shi ne a shigar da wannan fahimta cikin asibiti da ɗakin bincike. Kowace takardar neman amincewa a fassara ta, a ba wani daban ya mayar da ita harshen asali don a ga abin da ya zube a hanya, sannan a karanta wa ainihin sojoji a ji yadda suka fahimce ta, har da mai jin Buroka kaɗai.

Kammalawa

Ina kira ga ’yan’uwana da ke neman batun kundin kammala digiri su waiwayi wannan fage. Hausar bariki tana nan da kalmominta na ciwo da rauni da tsoro, tana jiran mai tattarawa. Ƙamus ɗin kalmomin binciken lafiya aiki ne da sashe irin namu zai iya farawa tare da ɗaliban likitanci da na sauran harsuna, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu da muke karatun Hausa a inda ba ita ce harshen gari ba mun ma fi kowa sanin yadda magana ke karkacewa tsakanin baki da kunne, domin kullum muna gani a kasuwa da tashar mota.

Da na gama rubutun nan na karanta wa mahaifina ta waya. Ya yi shiru, sannan ya ce da an sami wanda ya zaunar da su ya gaya musu abin da ƙwayar nan take yi da abin da ba ta yi, da abokinsa da suke kwana tanti ɗaya bai riƙa tofar da ita ba. Zazzaɓi ne ya kashe shi saura mako uku su dawo gida. Allah ya jiƙansa, ya kuma kare waɗanda ke bakin daga a yau.